Marayan Jos da Marayun Zango: Shekara Goma Bayan Rasuwar Mai Kuntigi

  

A watan Yuni na 2025 ne Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya cika shekara goma da rasuwa, in an bi ƙirgen Bature. In kuwa ƙirgen Hijira aka bi, goman ta cika tun azumin shekarar 1446, domin ranar Asabar 20 ga Yuni 2015 da Allah Ya karɓi ransa a garin Jos ta faɗo ne a kwanakin farko na Ramadan na shekarar 1436. Na ga ya dace in rubuta yadda zangunan Ankara suka karɓi wannan labari, da dalilin da ya sa suka karɓe shi haka, tun waɗanda suka shaida abin suna da sauran numfashi.

Duk wanda yake Ankara a wancan wata ya san halin da gari yake ciki. Daren Laraba 3 ga Yuni aka yi ruwan da ya cika babbar gotar Nima, ya tumbatsa kogin Odaw, ya shafe Circle. A cikin ruwan kuma wuta ta kama gidan mai inda jama'a suka fake, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya a dare ɗaya. Ga ɗaukewar lantarki da ake kira dumso, ga laka a ɗakuna, ga azumi ya kama. Mai hankali zai ce zukata sun cika, babu sauran wurin da za a ajiye mutuwar wani mawaƙi na ƙasar Najeriya. Amma da yammacin ran nan, tsakanin la'asar da shan ruwa, ina zaune da littafina a ƙofar gidan dattijon da nake yi wa magatakarda, sai ga tsofaffin direbobi da mahauta da masu gadin da suka ajiye aiki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi wa Maigida gaisuwar mutuwa kamar wani ɗan gidan ne ya faɗi. Shi kuma yana amsawa kamar mai karɓar gaisuwa, bai ce da kowa ai mamacin ba danginsa ba ne. Bayan asham wani malami ya nemi a yi wa marigayin addu'a, aka ɗaga hannu, aka shafa. Ba wanda ya kunna kaset a daren saboda alfarmar wata. Sai bayan Sallah aka ciro tsofaffin rakodoji daga ƙarƙashin gado, aka karkaɗe ƙura, muryar nan mai kaifi ta sake fitowa daga shagunan teloli da teburan masu shayi har tsawon makonni.

Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da ya haɗa mu da shi har haka. Mawaƙan Hausa da suka rasu kafin shi suna da yawa, wasunsu sun fi shi taro da ƙasaita. Amsar da na samu tana cikin tarihinsa da tarihinmu, kuma sai an jera su kafaɗa da kafaɗa ake ganinta.

Sunansa na yanka Adamu Wayya. An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru, ya rasu yaron yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi, sai sarkin ya ɗauke shi ya rene shi. Daga nan laƙabin ya samo asali, ya bi shi har kabari. To, a lura da wannan gari na Bukuru. Ba ƙasar Hausa ba ce. Ƙasar Birom ce, haƙar kuza ta zamanin Turawa ta tara mata leburori da 'yan kasuwa daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno, suka kafa unguwanninsu, suka naɗa sarkinsu na Hausawa, suka gina masallatansu da makarantun allonsu a tsakiyar mutanen da harshensu da addininsu dabam. Wanda ya ji wannan siffa a Ankara ba sai an fassara masa ba: zango ke nan. Ɗan Maraya ɗan zango ne, nasa zangon dai a kan dutse yake, namu a bakin teku. Ya san abin da ake nufi da a haife ka a gari, a binne mahaifinka a garin, a wayi gari wani ya tambaye ka daga ina ka zo. Rikice-rikicen da suka auka wa Jos a 2001 da 2008 da 2010 a kan wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo sun same shi yana zaune a garin, kuma a nan ya ƙare kwanansa.

Kayan kiɗansa ma abin dubawa ne. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga kuntigi, ya ƙwallafa rai a kai, ya koya. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya tak, cikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya. Abin da wani ya ci ya jefar, shi aka tsinta aka mayar abin magana da duniya. Manyan makaɗan Hausa da suka gabace shi da waɗanda suka yi zamani da shi da runduna suke tafiya. Ibrahim Narambaɗa yana da kotso da mataimaka a fadar Sarkin Gobir na Isa. Musa Ɗanƙwairo na Maradun yana da 'yan amshin da suke karɓar waƙa su ƙawata ta. Alhaji Mamman Shata yana da kalangai da 'yan amshi da maroƙa, in ya sauka a gari sai an san ya sauka. Ɗan Maraya kuwa shi kaɗai yake tsayawa, shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. In waƙa ta bukaci mace ta yi magana sai ya sirantar da murya ya zama matar, in ta bukaci miji sai ya kausasa ta ya zama mijin, mai sauraro yana jin gida guda cur yana rigima daga bakin mutum ɗaya.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. Al'adar roƙo a ƙasar Hausa tana bin inda kyauta take: sarki, ɗan sarki, attajiri, jarumin noma ko dambe wanda iyayen gidansa za su yi kari. Ɗan Maraya ma ya yi wa manya waƙa, ya yi wa sojan tarayya a lokacin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, ya yi wa gwamnati waƙoƙin faɗakarwa. Ba za mu ɓoye wannan ba don son a tsarkake shi. Amma waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau ita ake fara tunawa in an ambace shi, ita ce Waƙar Karen Mota. Ya dubi yaron da yake loda kaya, yake kiran fasinja, yake kwanciya ƙarƙashin mota ya canza taya, yake tura ta in ta mutu a daji, yaron da ko sunan sana'arsa zagi ne, ya ba shi irin matsayin da maroƙa suke ba 'ya'yan sarauta. Wane kari karen mota zai yi wa mawaƙi? Ba shi da doki, ba shi da riga. Wanda ya yi masa waƙa ya yi ne don ya ga mutum a inda sauran jama'a suke ganin datti.

Haka ya bi sauran sassan rayuwar talaka. A Mai Akwai da Babu ya auna tazarar da ke tsakanin mai shi da marashi. A Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali ya yi nazarin butulci da juyin zuciyar mutane. A Jawabin Aure ya zauna tsakanin miji da mata yana nuna musu abin da saki yake haifarwa. A Auren Dole ya tsaya wa yarinyar da aka ɗaura wa wanda ba ta so. A Gulma Wuya ya tona asirin mai kai-kawo da ke shiga gidajen mutane tana raba aure. Ni da aikina ya sa nake zama a gefe ina rubuta ƙararrakin da ake kawo wa Maigida, ina shaida cewa mafi yawan abin da ke shigowa zaurenmu, daga rikicin haya zuwa na kishiya zuwa na bashin da aka ci aka musa, yana cikin waƙoƙin nan tun kafin a haifi masu ƙarar.

Yanzu mu juyo gida. Wa ya gina zangunan nan da muke taƙama da su? Littattafai sun riƙe sunayen shugabanni, kuma sun cancanta. Sun gaya mana fataucin goro ne ya fara kawo kakanninmu Gwanja, Salga ta zama babbar kasuwa har yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, mutanenta suka bazu zuwa Karachi da Yeji da Kumasi da bakin teku. Sun gaya mana labarin Malam Nenu Bakatsine da zangon farko na cikin garin Ankara, da ɗansa Malam Baƙo wanda ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango 'yan shekaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sun gaya mana Malam Amadu Futa, mai fataucin shanu, ya sami filin Nima daga gidan Odoi Kwao a farkon shekarun 1930, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika ta batse da sojojin da aka sallama da masu neman aiki a barikoki da gidajen Turawa na Cantonments. To amma a bayan kowane madugu akwai 'yan alaro da suka ɗauko goron a ka. A bayan kowane maigida akwai masu kwaɓa ƙasar da aka gina ɗakunan hayarsa. Nima ta tashi ne a kan wuyan masu gadi da kuku da boyi da masu wanki da guga da masu dakon kaya a kasuwar Makola da yaran manyan motoci masu zuwa Kumasi da Tamale da Bawku. Har kalmar kayayo da mutanen Ankara suke kiran 'yan mata masu dako da ita, rabinta na farko kayanmu ne na Hausa, rabin na biyu kuma mace ce a harshen Ga. Harshenmu ya shiga bakin mutanen ƙasar nan ta ƙofar wahala da ta abinci: kaya, wake, koko, ƙosai, tuwon zafi. Waɗannan mutane ba su da maroƙi. Da suka ji wani daga Jos yana wasa karen mota, kowannensu ya ji da shi ake.

Akwai kuma wani maraicin da ya fi na rashin uwa da uba daɗewa a jiki. Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dattawanmu har yau in sun zo wannan wuri a hira sai murya ta sauka. An sayar da gidaje a kan kuɗin mota, an bar shaguna a buɗe, an raba mata da miji, mutanen da aka haifa a Ankara da Kumasi suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba sai a bakin kakanni. Waɗanda suka saura suka koyi yin magana a hankali. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka, a farkon 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida a shekarar fari da yunwa da gobarar daji. A cikinsu akwai 'ya'yan zango, waɗanda a can aka ce musu 'yan Gana, a nan kuma ake ce musu 'yan Najeriya. Mutumin da ƙasa biyu suka yi wa haka, in ya ji mawaƙi yana kiran kansa maraya, ba ya bukatar tafinta.

Ta wace hanya muryar ta iso mu? Da farko ta rediyo. Gidan rediyon Gana yana da shirye-shiryen Hausa tun da daɗewa, tare da Akan da Ga da Ewe da Nzema da Dagbani. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a watan Maris 1957, mako guda bayan Gana ta sami 'yancin kai. Ga kuma Rediyon Kaduna a kan gajeren zango, wanda iyayenmu suke kamawa da dare, a ɗaga eriya, a juya akwatin gabas da yamma har muryar ta fito daga cikin shuuu. Bayan rediyo sai faifan garmaho a gidajen masu hali. Amma kaset ne ya shigar da Ɗan Maraya kowane lungu. Direbobin da suke bin hanyar Legas, Kwatano, Lome, Aflao, da fataken goro masu zuwa Agege, da masu kawo shanu da albasa daga Nijar, kowa yana dawowa da kaset a aljihu. Waɗanda aka koro a 1983 da yawa babu abin da suka tsira da shi sai jaka da katuwar rakoda. A shekarun nan dokar hana fitar dare ta rufe gidajen rawa na Ankara, sai hira ta koma cikin gida da ƙofar gida, inda batir shida da kaset ɗaya suke isar mutum ashirin. Ina yaro a makarantar allo a lokacin. Na tuna in an tashe mu da dare, a hanyar komawa gida muna ratsa lunguna, wannan ɗaki Shata, wancan Ɗanƙwairo, na gaba kuntigi, har mu kai gida ba mu fita daga cikin Hausa ba. Wasu kalmomin da ba a amfani da su a Hausarmu ta Gana, a bakin mawaƙan nan na fara jin su, na je na tambayi malaminmu ma'anarsu. Ashe makaranta ta biyu muke shiga ba mu sani ba.

A nan ya wajaba in taɓo abin da na san yana zuciyar wasu masu karatu, musamman 'yan uwana almajirai. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne, ya girmi kakanninmu, kuma ba a wannan shafi za a yanke shi ba. A zangunanmu akwai malaman da ba su taɓa yarda a kunna kaset ɗin waƙa a gidajensu ba har suka koma ga Allah, muna girmama su. Akwai kuma waɗanda suke rarrabewa tsakanin waƙar da ke kira zuwa ga shashanci da wadda ke kira zuwa ga riƙon aure da tausayin marashi. Abin da na gani da idona a 2015 shi ne, har waɗanda ba sa sauraronsa sun sa hannu a addu'ar, domin haƙƙin Musulmi a kan Musulmi ba ya faɗuwa saboda sana'a, kuma an hore mu da ambaton alherin waɗanda suka riga mu.

Ban da haka, yi wa talauci waƙa da Hausa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma ba makaɗa suka fara shi ba. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salga kafin yaƙi ya tashe ta, ya koma Karachi ya karantar har ya rasu a 1934, malamin da silsilar karatun zanguna da yawa take komawa gare shi, yana da doguwar waƙa da ajami a kan talauci da wadata, inda ya zayyana yadda ake wulaƙanta marashi ko da yana da gaskiya, ake girmama mai dukiya ko da ba shi da ita. Malami ya faɗa da alƙalami a bakin kogin Volta, makaɗi ya faɗa da tsirkiya a kan dutsen Jos, tsakaninsu shekaru masu yawa, kuma ciwon da suka taɓa ɗaya ne. Kunnen zango ya riga ya saba da wannan magana tun kafin a ƙera kuntigin Ɗan Maraya.

In muka leƙa waje za mu ga kowace al'umma tana da irinsa, kuma za mu ga yadda suke riƙe nasu. A Amurka Bob Dylan ya fara ne da jita ɗaya yana waƙar talakawa da 'yan ƙwadago, a 1965 ya haɗa waƙar gargajiyar da jita mai lantarki har wasu masoyansa suka yi fushi, a 2016 kuma aka ba shi kyautar Nobel ta adabi. A Mali, Ali Farka Toure ya fara da ɗan molo mai tsirkiya ɗaya kafin ya kai kiɗan bakin kogin Kwara ko'ina a duniya. Da ya rasu a watan Maris 2006 yana magajin garin Niafunke, ƙasar ta yi makokinsa, kuma fayafayensa suna nan a adane da sunan kowace waƙa da shekarar da aka ɗauke ta. A nan gida, King Ayisoba ya ɗauko kologo mai tsirkiya biyu na mutanen Frafra, ɗan uwan kuntigi da gurmi, ya ci kyautar waƙar shekara ta Gana a 2007. Shi ma Ɗan Maraya bai rasa karramawa ba: ƙasarsa ta ba shi lambar girma, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya zaga ƙasashe da ɗan gwangwaninsa. Sai dai in ka nemi waƙoƙinsa a intanet yau, za ka same su a warwatse, wannan an yanke farkonta, waccan an laƙaba mata sunan da ba nata ba, ba shekara, ba bayani.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya na zauna a wani bes na samari ana dafa ataya, hira ta kai ga mawaƙa, na ambaci Shata. Yaran suka ɗauka Shatta Wale nake nufi. Muka yi dariya, amma na tashi da abu a maƙogwaro. Ba laifinsu ba ne. Suna da nasu gwanaye, kuma ba mu manta ba 'yan VIP daga Nima suka fito suka sa Hausar zango a bakin matasan ƙasar nan gaba ɗaya. Da na kunna musu Waƙar Karen Mota a waya, biyu daga cikinsu yaran trotro ne, masu rataye a ƙofa suna kiran Circle da Madina tun asuba. Suka saurara, suka gane rabi, rabin sai da na fassara musu, daga Hausa zuwa Hausa. Da suka gane cewa da irinsu ake, ɗayan ya nemi in tura masa. Waƙar ba ta tsufa ba. Kunnen da zai ji ta ne yake ƙanƙancewa, domin Hausar da muke gadar wa 'ya'yanmu ta ciniki ce da gaisuwa, ta karin magana da zambo da habaici tana tafiya tare da tsofaffi.

Kaset ɗin ma suna mutuwa. Damina tana shiga ɗakunanmu kowace shekara, zaren yana manne wa juna, in tsoho ya rasu magada su share ɗaki su zuba su a gota. A cikin abin da ake zubarwa ba Ɗan Maraya da Shata kaɗai ba ne. Su Najeriya za ta riƙe musu wani abu. Akwai kaset ɗin bukukuwanmu, inda masu goge da masu kalangu da zabiyoyi da sanƙirori na zangunan Ankara da Kumasi suka yi wasa, da na masu bege a Mauludi, da na wa'azin malaman da suka shuɗe. Waɗannan in sun tafi babu wata ƙasa da take da kwafinsu. Tsohon garin Karachi yana ƙarƙashin tafkin Volta tun da aka datse ruwa a Akosombo, amma rubuce-rubucen Alhaji Umaru sun tsira, domin almajiransa sun kwafa, kuma a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta bi gidajen malamai ta tattara kwafin littattafan Larabci da na ajami ta adana. Abin da aka yi wa takarda ba a yi wa murya ba.

Ni kaina ba na fita daga zargi. Littattafan da nake riƙe wa Maigida cike suke da sunayen masu gidaje da iyakokin filaye da ranakun naɗin sarauta da sadakin aure. Na duba daga farko zuwa ƙarshe ban ga inda na rubuta sunan makaɗin da ya yi kiɗa a naɗin ba, balle na wanda ya ɗauko kujerun. Ashe ni ma maroƙin fada ne, alƙalamina yana bin inda rawani yake. Mai kuntigi ya rasu ya bar mini gyara.

Saboda haka ga roƙona ga ma'abota wannan shafi. Wanda yake da tsohon kaset a gida, na waƙa ne ko na biki ko na wa'azi, kada ya zubar. A cikin samarinmu akwai masu iya juye shi zuwa kwamfuta. A juye, a rubuta sunan mai muryar da unguwar da shekarar in an sani. Wanda yake da tsoho a gida, direba ne ko mai gadi ko mai dako ko mai tuwo, ya zauna da shi da waya a hannu ya tambaye shi ta wace hanya ya zo, wa ya sauke shi, ina yake a 1969, wace waƙa ce take tuna masa gida. Malaman makarantunmu na Islamiyya kuma su duba ko za a sami sa'a ɗaya a mako ta karin magana da tsohuwar Hausa, ko da daga waƙoƙin Alhaji Umaru ne, ga wanda zuciyarsa ba ta natsu da na makaɗa ba. Ni na fara nawa: na buɗe sabon littafi, shafin farko na ba wani tsohon yaron mota da ya yi shekara talatin a hanyar Bawku, na rubuta sunansa da na mahaifinsa da na garinsu, ya sa hannu yana dariya yana share ido.

Allah Ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗan Maraya, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa alherin da ya faɗa ya zama nauyi a mizaninsa. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa da wuta suka ci a daren 3 ga Yuni, da iyayenmu da kakanninmu da suka gina zangunan nan da ƙarfin wuyansu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda Shi kaɗai Ya sani. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Wanda yake da wani tuni game da marigayin, ko sunan wani makaɗin zango da ya kamata a rubuta, ƙofar zaurenmu a buɗe take bayan la'asar.